Haifabaiza: daga tsadar na'ura zuwa mallakar hanyar sadarwa

Abin da ake kira haifabaiza manhaja ce da ke raba kwamfuta ɗaya zuwa kwamfutoci na kwaikwayo da yawa, kowace na ɗaukar cewa na'urar tata ce ita kaɗai. Wanda ya san yadda ake rabon ruwa bi da bi a filayen noman rani na Ƙonni ya riga ya gane dabarar.

Tsada ce ta haife ta. A 1967 ma'aikatan IBM a Amurka suka fara aiki da CP-40, domin mutane da dama su ci gajiyar babbar na'ura guda. VM/370 ta biyo baya a 1972. Da ƙananan kwamfutoci suka yi araha, sai aka yi sakaci da ita, har VMware ta farfaɗo da ita a 1999, sannan Xen a 2003, KVM kuma a 2007.

A ganinmu, babban sauyin ya zo ne ta wajen sadarwa. Kwamfutocin da ke cikin akwati ɗaya ba su buƙatar waya tsakaninsu, saboda haka aikin na'urar da ke rarraba saƙonni ya koma cikin manhaja, kamar Open vSwitch ta 2009. Tsohon tsarin VLAN bai wuce hanyoyi 4,094 ba; VXLAN, wanda aka wallafa ƙa'idojinsa a 2014, ya kai kimanin miliyan 16.

Da haka iko ya tashi daga hannun mai shimfiɗa waya ya koma hannun mai riƙe da haifabaiza. Duk jami'a ko ma'aikatar Nijar da ta ajiye bayananta a wata cibiya ta ƙasar waje, hanyar sadarwarta ma tana ƙarƙashin mai cibiyar.