Daga Burtali Zuwa Mont Blanc: Tarihin Gudun Kan Duwatsu

Duk wanda ya taɓa kwana a Kajiji, a kan titin da ya baro Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, ya san abin da ido kan gani da sassafe a lokacin damina. Maraƙi ya ɓalle daga garke ya nufi gonar gero, yaron makiyaya ya rufa masa baya da takalmin roba, yana tsallake kwazazzabo da tsakuwar marmara ba tare da ya dubi ƙasa ba. Babu mai riƙe masa agogo, babu mai tafa masa. Abin da yake yi don kada rigima ta tashi tsakanin mahaifinsa da mai gona, shi ne a Turai ya zama wasan da dubban mutane ke biyan kuɗi su shiga.

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, garin Chamonix na ƙasar Faransa kan cika maƙil saboda gasar UTMB. Masu gudu kan kewaye dutsen Mont Blanc, mafi tsawo a jerin duwatsun Alps, su ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, tafiyar kimanin kilomita 170, wadda jimillar hawan da ke cikinta ta kai mita dubu goma. An fara gasar a 2003, kuma cikin mutum sama da 700 da suka tashi a wannan shekara, 67 ne kawai suka kai ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya, Dawa Sherpa, haifaffen ƙasar Nepal ne. A 2022 Kilian Jornet na ƙasar Sifen ya kammala zagayen cikin ƙasa da awa ashirin.

Sai dai wasan ya girmi wannan gasa nesa ba kusa ba, kuma daga aiki ya samo asali. Mutanen Sikotilan suna da labarin da suka gada cewa a ƙarni na sha ɗaya Sarki Malcolm ya sa an yi tseren hawan wani tsauni a Braemar domin ya zaɓi manzo mai sauri. A Grasmere da ke arewacin Ingila, tun 1868 ake tseren masu yi wa baƙi jagora a tsaunuka, waɗanda akasarinsu makiyaya ne da manoma. A 1895 wani mai aski, William Swan, ya hau Ben Nevis, dutse mafi tsawo a Birtaniya, ya sauko cikin awa biyu da minti 41. Ba shi ne farkon wanda ya hau ba. Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne an duba agogo, an kuma rubuta. Hatta turbar da ake bi a kewaye Mont Blanc, makiyaya da fatake ne suka tattake ta tun kafin masanin nan Horace-Bénédict de Saussure ya zagaya dutsen a 1767.

Idan tafiyar ƙasa ce ma'auni, yankin Boɗinga da Shagari ba baƙo ba ne a wannan tarihi. Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804 da faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga. Daular da suka kafa, wadda akan kwatanta faɗinta da tafiyar wata huɗu daga gabas zuwa yamma, da wasiƙa aka riƙe ta. Kowace takarda da ta isa Kano ko Bauci ko Adamawa, wani ne ya ɗauke ta, a kan doki ko a ƙasa, ya keta daji ya haye kogi. Haka fataken Gwanja suka riƙa shafe watanni a hanya ƙarƙashin madugu domin kawo goro, haka alhazai suka riƙa bi ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Da yawa daga wasiƙun suna nan a ajiye, amma sunayen mafi yawan waɗanda suka ɗauke su sun ɓace, kuma babu wanda ya mayar da saurinsu abin gasa.

Wani zai ce ai ƙasar Sakkwato shimfiɗaɗɗiya ce, ina ruwanta da wasan duwatsu? Gaskiya ne ba mu da Alps. Amma Najeriya tana da tsaunin Mambila, da Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 a jihar Taraba, da duwatsun Shere a Jos, ga kuma Kwatarkwashi da Kufena a cikin ƙasar Hausa kanta. Kuma gudun turba ba lallai sai da ƙanƙara ba: tun 1986 ake gasar Marathon des Sables a saharar Maroko, inda ɗan ƙasar, Lahcen Ahansal, ya yi nasara sau goma.

Gasa biyu a maƙwabtanmu na kudu sun isa darasi. A Kamaru an fara tseren hawan Dutsen Kamaru daga garin Buea a 1973, kuma yana nan da rai bayan fiye da shekara hamsin. 'Yan ƙasar ne suka mamaye shi. Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, ta lashe shi sau bakwai har aka laƙaba mata Sarauniyar Dutse. A Najeriya kuwa, gwamnatin Kuros Riba a zamanin Donald Duke ta ƙirƙiro gasar Obudu a 2005, tseren kimanin kilomita 11, da kyautar dala dubu hamsin ga zakara, abin da ya sa ta zama gasar gudun dutse mafi tsoka a duniya a lokacin. A can aka fara gasar cin kofin Afirka ta wannan wasa a 2009. Amma 'yan Habasha da Kenya da Uganda ne suka fi kwashe kyaututtukan, kuma da hannun gwamnati ya janye sai gasar ta tsaya. Tseren Buea ya zama al'adar gari, na Obudu kuwa bai wuce shirin gwamnati ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci, wato ita turbar. A Alps, hanyoyin makiyaya na dā suna da alamomi, ana gyara su, kowa na da damar bi. A wurinmu, burtalin da aka san shi tun kaka da kakanni, da makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada, gonaki da gine-gine suna ta cinye su. Inda suka rage kuma, matsalar 'yan bindiga ta sa a sassa da dama na Sakkwato da Zamfara mutum ba ya iya yin nisa da gari shi kaɗai. Ƙasar da yaro ba zai iya gudun kilomita goma a bayan garinsu ba, ba wasa kaɗai ta rasa ba; ta rasa hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, da wadda manomi ke bi zuwa gona mai nisa.

Saboda haka idan wata rana aka so a ga ɗan Kajiji a Chamonix, ba daga sayen takalmi mai tsada za a fara ba. Tarihin Grasmere da Buea ya nuna abin da ake buƙata bai da yawa: hanya mai aminci wadda hakimi da manoma da makiyaya suka amince a bar ta a buɗe, da rana guda a cikin hunturu, da agogo, da littafin da za a rubuta sunan wanda ya zo na ɗaya. Sai kuma a sake yi baɗi, ko gwamna ya zo ko bai zo ba.