Sashen Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello

Sashen Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, yana cikin tsofaffin wuraren koyar da wannan fanni a arewacin Najeriya. An kafa jami'ar a 1962, amma sai a 1975 aka fara karatun wasan kwaikwayo sosai a ƙarƙashin Sashen Turanci, bisa jagorancin Michael Etherton, wanda kafin nan ya koyar a Jami'ar Zambiya.

Dandalin da ɗalibai ke gwaji a cikinsa wani masanin gine-gine Ba'amurke ne mai suna Steven Ehrlich ya zana shi, aka gina a tsakiyar shekarun 1970. Ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa: ɗakuna suna kewaye da fili kamar tsakar gida, ta yadda 'yan wasa da 'yan kallo ba sa nisa da juna.

Sai dai abin da ya fi ɗaukaka sunan sashen shi ne fita daga harabar jami'a. Ɗalibai kan shiga unguwannin Samaru da ƙauyuka irin su Soba, Maska da Bomo, su saurari koken manoma kan taki, filaye da kiwon lafiya, sannan su mayar da shi wasa da Hausa a nuna a bainar jama'a, a tattauna. Salihu Bappa da Oga Steve Abah na cikin waɗanda suka raya wannan salo na wasa domin ci gaban al'umma. Daga baya fannin ya rabu da Sashen Turanci, ya zama sashe mai cin gashin kansa.