Marinar Kofar Mata da Zanen Gobe

Ana cewa an kafa marinar Kofar Mata ta Kano a shekarar 1498. A cikin ramukanta ake jiƙa baba da toka da katsi, a bar su kwanaki su nuna. Mai rini ya tsoma yadi, ya ɗago shi kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka.

Amma zanen kansa aikin mata ne a cikin gida. Su ke ƙulle farin yadi da zare, ƙulli bayan ƙulli; duk inda zare ya kama, baba ba ya shiga, sai a kwance a ga da'irori farare.

Lokacin da Bajamushe Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar kayan rinin garin suna kaiwa har Timbuktu. Turkuɗin garin Kura, wanda mabuga ke bugawa har ya yi ƙyalli, shi Buzaye ke naɗawa.

Yau atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, ramukan rini da yawa sun bushe. Ni dai roƙona ga matasa masu ƙirƙirar zane a kwamfuta shi ne su zauna gaban waɗannan mata masu ƙulle yadi su koya, su kuma biya su haƙƙin iliminsu.