Daga Daddawa Zuwa Dunƙulen Magi: Tarihin Ɗanɗanon Miya a Kasuwar Gombe

A 1919 aka dawo da fadar Sarkin Gombe daga Nafada zuwa Doma, inda birnin yake a yau, kasuwa kuma ta biyo fada. Kayan miyan da ake kasawa a wancan zamani ba su da yawa: kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, kanwar da fatake ke saukowa da ita daga wajen Tafkin Cadi, sai gishiri mai tsadar da ba a yi masa zubin ganganci. Abin da ke ɗaure ɗanɗanon duka kuwa daddawa ce.

Yin daddawa aikin mata ne, kuma aikin haƙuri. Za a fasa ɗorawa a ware kalwa, a dafa ta kusan yini guda, a surfa a turmi har ɓawon ya saki, a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a kwando a lulluɓe da ganye. Kwana biyu zuwa uku tana ruɓa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna narka ƙwayar har ƙamshin nan ya tashi. Daga nan a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci ana yin daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Fiye da kashi 30 cikin ɗari na busasshiyar daddawa sinadarin gina jiki ne, don haka gidan da nama bai cika shiga ba yana samun madadinsa a cikin miya. Mai saye kuma ta san hannun da ya yi ta. In ta ji tsakuwa, ta san ƙofar da za ta kai ƙorafi.

Layin dogo ya iso Gombe a farkon shekarun 1960 kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Auduga da gyaɗa suka riƙa fita, kayan kamfani suna shigowa. A 1966 Maggi ya shigo kasuwannin Nijeriya, dunƙulen da kamfanin Julius Maggi ya fara yi a Turai tun 1908. Ba wari, ba daka, ba jiran kwana uku. Daga baya farin magi ya biyo, wato Ajino. Cikin 'yan shekaru teburin ɗan tireda ya ƙwace wa faifan mai daddawa ciniki mai yawa, har wasu amaren birni suka fara jin kunyar a ji warinta a ɗakin girkinsu.

Abin da ba a cika faɗa wa masu cefane ba shi ne, daɗin da harshe ke ji a daddawa da wanda yake ji a farin magi tushensu ɗaya. Sinadari ne mai suna gulutamet, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano ɗanɗanonsa a 1908, kuma kamfanoni ma ta hanyar ruɓar da rake ko rogo suke samar da shi. Jita-jitar da ake yaɗawa cewa guba ne ba ta da hujja a wurin masana. Matsalar dunƙule tana wani wuri daban: wajen rabinsa gishiri ne. Ƙaramin dunƙule giram 4 ne, ke nan guda biyar sun kai giram 10 na gishiri tun kafin uwargida ta barbaɗa nata, kuma safe da rana da dare ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da suka addabi gidaje da yawa ba su rasa nasaba da wannan lissafi.

Kayan kamfani sun zo da alherinsu, wannan gaskiya ce. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin Nijeriya, maƙoƙo kuma ya ragu ƙwarai. A shekarar ce aka kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda daga baya ta hana sa sinadarin buromet a burodi. Daddawa ma tana da nata aibin in aka shanya ta a bakin hanya cikin ƙura da ƙuda, ga itatuwan ɗorawa na ƙarewa a hannun masu gawayi, abin da ya sa da yawa suka koma yin ta da waken suya.

Yau a Babbar Kasuwar Gombe ana samun daddawa da dunƙule duka biyun, wani lokaci a layi ɗaya. Mai cefane ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin fakiti, ya guji farin garin da aka ƙulla a leda babu suna. Uwargida kuma, in kin sa daddawa mai tsabta a tukunya, ki rage dunƙulen zuwa rabi, ki ɗanɗana kafin ki ɗauki gishiri.