Tsohuwar Kwalejin Katsina ma gadonmu ce

Baƙon da ya zo ganin Katsina, Hasumiyar Gobarau ake fara kai shi, sai Gidan Korau, sai ƙofofin gari. In da sauran lokaci ne ake leƙawa da shi tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda ta zama gidan adana kayan tarihi. A ganina ginin nan ya cancanci kulawa irin wadda muke so a ba Gobarau, ko da kuwa a zamanin Turawa aka gina shi.

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe kwalejin a 1922 don horar da malaman makarantun Arewa. Ba banza aka kawo ta nan ba. Gari ne da ya yi suna da ilimi tun zamanin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ga kuma Sarki Muhammadu Dikko ya karɓe ta hannu bibbiyu. A azuzuwan nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, da Sardauna Ahmadu Bello, da Kashim Ibrahim, da Abubakar Imam, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Wanda ya dafa bangon zai ji kaurinsa: ginin ƙasa ne irin namu, mai riƙe sanyi ko ana tsakiyar bazara. Umarnin na Bature ne, amma hannun na maginanmu ne.

Wasu za su ce adana irin wannan wuri girmama mulkin mallaka ne. Uzurinsu abin saurare ne, domin da bakin bindiga Turawa suka ci ƙasar nan. To amma a dubi Kartahena ta ƙasar Kolombiya. Mutanen Sifen suka kafa ta a 1533, ta zama tashar da ake sauke bayin da aka kwaso daga Afirka. Jikokin bayin suna garin har yau, ba a kuwa rushe ganuwarsa ba. A 1984 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, baƙi na ta tururuwa suna jin abin da aka aikata a wurin. Mu ma ta Ƙofar 'Yanɗaka Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903. Yaron da aka tsayar a bakinta aka ba shi labarin ya fi wanda ya haddace shi don jarrabawa fahimtar abin da ya sami kakanninsa.

Masu cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko kuwa, Gobarau ta ba su amsa, ƙarni nawa tana tsaye. Yaɓe yake so a kan kari, kamar yadda mutanen Jenne ta Mali ke taruwa duk shekara su yaɓe masallacinsu.

Hukumomi su ware kuɗin gyara kafin kowace damina, a kira magina masu sanin ƙasa da azara. Shugabannin makarantu kuma, don Allah ku riƙa kai ɗalibanku.