Kwakwar manja, ƙofar dutse da Kwalejin Katsina: abin da na gano a hanyar Malaka

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake da jarrabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Daren jiya gardama ta kaure a teburin mai shayi a nan Kurudu, bakin titin da ya nufi Orozo da Karshi. Wani abokina ɗan aji uku a jami'a ya ce ai Malesiya ba wata tsiya suka yi ba, zuwa suka yi Najeriya a shekarun 1960 suka ɗebi irin kwakwar manja, shi ke nan suka wuce mu. Kowa ya gyaɗa kai. Da yake ni ne na yi digiri na biyu a can, sai aka juyo kaina in buga hatimi. Na ce ba haka abin yake ba. Nan take aka ce na ci shinkafar kwakwa na manta tuwo. Na yi alkawarin zan rubuta, to ga shi.

Ni ma da wannan labarin na sauka Kuala Lumpur, kuma da shi na shekara guda, daga laburare sai masallaci sai hoto a gaban benayen Petronas. Sai a wani hutun ƙarshen zango, mu uku, ni da wani ɗan Gusau da wani ɗan Azare, muka haɗa ɗan abin da ya rage a aljihu muka hau bas daga tashar TBS zuwa birnin Malaka. Tafiyar wajen awa biyu ce, kuma dama da hagu gonakin kwakwar manja ne a jere kamar an ja layi da igiya. Ɗan Azare ya ce, “Kai, ku dubi dukiyarmu.” Wannan maganar ce ta sa da muka dawo na zauna na bi diddigin abin.

Gaskiya ne asalin bishiyar daga Afirka ta Yamma take. Amma ta riga 'yancin kanmu isa yankin da fiye da shekara ɗari. A 1848 Turawan Holan suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java, Indonesiya ta yau. Da farko don ado ake shuka ta a bakin hanya. A 1917 wani Bafaranshe, Henri Fauconnier, ya buɗe gonar kasuwanci ta farko a Tennamaram, jihar Selangor. Lokacin ko Sardauna bai kai shekara goma ba. Inda labarinmu ya samo ƙafa shi ne, a shekarun 1970 masu bincikensu sun zo sun tattara iri a Najeriya tare da cibiyar NIFOR da ke kusa da Benin, don inganta wanda suke da shi. Har ƙwaron da ke barbarar furen kwakwa suka ɗauko daga Kamaru a 1981. Amma kafin nan, tun tsakiyar shekarun 1960, sun riga sun sha gabanmu wajen fitar da manja waje.

To mu koma Malaka, domin a can ne abin ya fi taɓa ni.

Garin yana bakin wani siririn mashigin teku da jiragen ruwa ke bi tsakanin Indiya da Sin. Wani ɗan sarki mai suna Parameswara ne ya kafa shi wajen shekarar 1400, sarakunansa suka karɓi Musulunci, garin ya zama kasuwar duniya: kanumfari, masoro, alharini, tangaran. Wani Bature ɗan Fotugal, Tomé Pires, ya rubuta cewa harsuna 84 ake ji a tashar jirgin ruwan. A gidan tarihin da aka gina da katako a siffar fadar Sultan Mansur Shah na ga shekarun mulkinsa, 1459 zuwa 1477. Sai na tsaya. Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano a 1463. Wato lokacin da ake kafa kasuwar Kurmi, ana faɗaɗa ganuwa, a ɗaya gefen duniya ga wani sarki Musulmi yana irin wannan aikin. Nasu teku, namu sahara. Su ma sun ari haruffan Larabci suka rubuta harshensu, suna ce masa Jawi. Har yau yana jikin kuɗinsu, kamar yadda ajami yake jikin ɗari biyar ɗinmu.

A 1511 Afonso de Albuquerque ya zo da jiragen yaƙin Fotugal ya ci garin. Sultan Mahmud Shah ya fice, ya yi ta ƙoƙarin ƙwato birninsa har ya rasu bai samu ba. 'Ya'yansa ne suka kafa sarautun Johor da Perak, waɗanda suke nan har gobe. Wallahi ina karanta wannan, Sarkin Musulmi Attahiru na tuna, yadda ya bar Sakkwato a Maris 1903, aka cim masa a Burmi a watan Yuli, ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a suka kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan.

Malaka ta yi ta sauya ubangida: Holan ta ƙwace ta a 1641, Ingila ta karɓe ta da yarjejeniyar 1824. Ganuwar dutsen da Fotugal suka gina, A Famosa, Ingilishi ne suka fasa ta da albarushi a 1807, ƙofa ɗaya tak ta tsira. Da muka isa wurin ɗan Gusau ya ce, “Wai ita ce wannan?” Ba ta kai girman Ƙofar Nasarawa ba. Amma ga 'yan firamare a layi, malama tana yi musu bayani, ga baƙi daga ko'ina. A 2008 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Mun yi azahar a masallacin Kampung Kling na 1748, mai rufi hawa-hawa, ba kubba, kuma yana nan ana salla a cikinsa.

Ga inda tarihinsu ya haɗu da namu kai tsaye. A 1874 aka ƙulla yarjejeniyar Pangkor, inda Sultan na Perak ya yarda a ajiye masa Razdan, Bature wanda dole a nemi shawararsa kuma a bi ta a kan komai, ban da addini da al'adar Malay. Wannan bai yi muku kama da wani abu ba? Kusan shekara talatin bayan haka Lugga ya zo Sakkwato da irin wannan tsari: sarki yana kan karaga, Razdan yana gefe, an yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Can ma ba a karɓa hannu biyu ba, Razdan na farko a Perak, Birch, kashe shi aka yi a 1875.

Har mutum ɗaya muka yi tarayya da su. Hugh Clifford ya je ƙasar Malay yana ɗan shekara 17, ya iya harshensu, ya zama Razdan na Pahang. Shi ne ya zo ya yi Gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, sannan ya koma can ya yi gwamna a 1927. Kuma shi ne ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita ce daga baya ta koma Kaduna, ta koma Zariya ta zama Barewa. A can kuwa tun 1905 an buɗe Kwalejin Malay ta Kuala Kangsar don 'ya'yan sarakuna da manya. Cikin ɗalibanta akwai Abdul Razak, wanda ya zama firaministansu na biyu. Suka sami 'yanci ranar 31 ga Agusta 1957, mu kuma 1 ga Oktoba 1960. Shekara uku ce tsakani.

To me ya raba mu? A kan manja dai amsar a fili take. A 1956 suka kafa hukumar FELDA, wadda Abdul Razak ya tsaya wa tsayin daka. Talaka marar gona a ba shi fili kimanin eka goma da gida da iri, ya biya a hankali daga abin da ya girbe. Da roba aka fara, a farkon shekarun 1960 aka juya ga kwakwar manja, aka haɗa da injinan matsa da cibiyoyin bincike, aka yi shekaru ba a saki ba. Mu kuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗa kan yankin da ake noman kwakwar, sannan kuɗin fetur ya zo ya ɗauke hankalin kowa. Kada mu yi wa 'yan kudu dariya, a daidai wannan zamanin dalar gyaɗar Kano ta ɓace.

Ba kuma aljanna ba ce. A Mayu 1969 an yi rikicin ƙabilanci a Kuala Lumpur, an rasa rayuka. An share dazuzzuka masu yawa saboda gonakin nan, kuma wanda ya zauna can ya san hayaƙin ƙonar daji da kan turnuƙe gari har a rufe makarantu. Su ma suna da nasu ciwon.

Abin da ya sa na damu da labarin “sun ɗauki irinmu” shi ne daɗinsa. Yana kwantar mana da hankali, ya nuna kamar sata aka yi mana, alhali aiki aka fi mu. In mai karatun aikin gona ko tattalin arziki ya fita daga jami'a da wannan a kansa, me zai gyara? Iri ai har yanzu yana nan a Edo da Kuros Riba, ba wanda ya ƙwace.

Ni kaina kunya ta kama ni a gaban ƙofar nan ta Malaka. Na biya kuɗin bas na zo ganin kufan wasu, amma na yi shekara huɗu a Kano ban taɓa leƙa Gidan Makama ba, kullum ina wuce ganuwa ana ɗibar ƙasarta ban ko waiga ba. Da na dawo, kafin in kwana bakwai a Kurudu na hau mota na je.

Masu shirin tafiya Malesiya karatu, don Allah ku ware kwana biyu ku je Malaka, ku karanta allunan da ke jikin bango kafin ku ɗaga waya. Waɗanda ke gida kuma, ɗan ABU ya san ina ne kufan Turunku? Ɗan Jami'ar Ɗanfodiyo ya taɓa zuwa Alkalawa?

Abokina na teburin shayi, na cika alkawari. Shayin yau a kanka yake, da ƙwai biyu.

Allah ya ba masu jarrabawa sa'a, ya sa mu gama lafiya.