Kiristoci da Dokar Auren Jinsi Ɗaya: Tarihin Muhawarar

Auren jinsi ɗaya, wato auren namiji da namiji ko mace da mace, bai samu amincewar dokar kowace ƙasa ba sai ranar 1 ga Afrilu, 2001, da Holan ta fara ɗaura shi a hukumance. Daga nan zuwa yau ƙasashe fiye da 30 sun bi sahu, akasarinsu a Turai da nahiyar Amurka, inda Kiristanci ya daɗe da kafuwa. Shi ya sa kusan duk inda maganar ta taso, za a tarar da coci a bakin majalisa ko kotu. Mafi yawan Kiristocin duniya, Katolika da Otodoks da coci-cocin bishara da na Fentikos, suna kan koyarwar cewa aure na namiji ne da mace. Inda bakinsu bai zo ɗaya ba shi ne abin da ya kamata dokar ƙasa ta yi da wannan koyarwa.

Tushen koyarwar

Masu riƙe da ra'ayin asali suna kafa hujja da labarin halitta a Littafin Farawa sura ta 2, da amsar da Yesu ya ba Farisiyawa game da saki a Matiyu sura ta 19, inda ya maido da su ga wannan labari. Suna ƙarawa da hanin da ke Littafin Firistoci sura ta 18 da wasiƙar Bulus ga Romawa sura ta 1. Cocin Katolika ta ɗora wata hujjar da take ganin ba sai mai bi kaɗai zai gane ta ba: aure ya girmi gwamnati, an gina shi a kan haihuwa da renon 'ya'ya, don haka hukuma tana iya rubuta shi a rajista amma ba ta da hurumin sauya ma'anarsa. Kiristocin da suka amince da auren jinsi, waɗanda tsiraru ne a duniya amma suna da ƙarfi a Arewacin Turai da Amurka, suna cewa ayoyin hanin sun shafi fasiƙanci da bautar gumaka na wancan zamani, kuma abin da Allah yake dubawa a aure shi ne amana da riƙon alkawari.

Da a ce aure na coci ne ita kaɗai, da gardamar ta tsaya a makarantun tauhidi. To amma tun ƙarnuka da suka wuce aka ɗaure shi da igiya biyu. A 1563 babban taron Katolika na Trent ya wajabta ɗaura aure a gaban limamin coci da shaidu. Martin Luther kuwa ya ɗauke shi sha'anin duniya da ya kamata mahukunta su tsara. Faransa ta ƙirƙiro auren hukuma a 1792, Ingila ta ba da damar auren rajista a 1836. A 1866 wani alƙalin Ingila, a shari'ar Hyde, ya fayyace aure kamar yadda aka san shi a ƙasashen Kirista: namiji ɗaya da mace ɗaya, har mutuwa. Wannan fahimta ce Turawan mulkin mallaka suka kawo cikin dokar auren rajista ta Najeriya, wadda ke aiki kafaɗa da kafaɗa da auren Musulunci da na gargajiya. A ƙasashe da dama fasto yana ɗaura aure da sunan Allah, yana kuma sa hannu a takarda da sunan gwamnati. Ranar da gwamnati ta sauya ma'anar takardar, dole a tambayi faston inda ya tsaya.

Amurka

Babu inda aka gwabza kamar Amurka. A 1993 Kotun Ƙolin jihar Hawaii ta nuna cewa hana auren jinsi yana iya zama nuna bambanci, lamarin da ya firgita coci-cocin bishara. Cikin shekara uku majalisar tarayya ta zartar da dokar kare aure ta 1996, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Jihar Massachusetts ta fara ɗaura auren jinsi a 2004 bisa umarnin kotu, sai jihohi da dama suka mayar da martani da rubuta haramcinsa cikin kundin tsarin mulkinsu. A California, a 2008, Katolika da 'yan bishara da 'yan ɗarikar Mormon, waɗanda ba su cika haɗuwa a inuwa ɗaya ba, suka haɗa kuɗi da ƙafa suka ci ƙuri'ar raba gardama ta haramta auren jinsi da kusan kashi 52 cikin 100.

Kotu ce ta rushe duk wannan. Shari'ar da ta kawo ƙarshen maganar ta faro ne daga takardar shaidar mutuwa. Jim Obergefell, mutumin jihar Ohio, ya ɗauki abokin zamansa da ke fama da ciwon ajali a jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa Maryland a 2013, aka ɗaura musu aure a cikin jirgin a filin sauka, domin jiharsu ba ta yarda ba. Abin da ya nema a kotu shi ne a rubuta sunansa a matsayin mijin mamacin. Ranar 26 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa dole kowace jiha ta amince da auren jinsi. Abin lura, Anthony Kennedy da ya rubuta hukuncin ɗan Katolika ne, haka ma alƙalai huɗun da suka ƙi.

Daga wannan rana tambayar ta juya. Coci-cocin da suka sha kaye suka koma neman kariya ga wanda lamirinsa bai yarda ba. A watan Satumbar 2015 aka tsare Kim Davis, magatakardar wata ƙaramar hukuma a Kentucky, kwana 5 a kurkuku saboda ta ƙi ba da lasisin aure. Kiristoci sun rabu a kanta: wasu suka ce ta bi sawun manzannin da suka fifita biyayya ga Allah a kan ta mutum, wasu suka ce mai riƙe da hatimin gwamnati, in ba zai iya aikin ba, murabus ya kamace shi. Batun wani mai gasa kek a Colorado ya fi wannan wuyar warwarewa. Jack Phillips ya ce zai sayar wa wasu ma'auratan jinsi ɗaya duk abin da ke kantinsa, amma ba zai tsara kek na musamman don bikinsu ba. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 2018, sai dai a kan hujja ƙunƙuntacciya, cewa hukumar jihar ta nuna ƙyama ga addininsa. A 2022 majalisa ta tabbatar da auren jinsi a dokar tarayya tare da sharaɗin cewa ba za a tilasta wa wuraren ibada ɗaura shi ba, kuma cocin Mormon, wadda ta yi ruwa ta yi tsaki a California, ta goyi bayan dokar saboda wannan sharaɗi, ba tare da ta sauya koyarwarta ba.

A Turai abin ya fi tafiya ta majalisa. Dokar Ingila ta 2013 da ta halatta auren jinsi ta haramta wa Cocin Ingila ɗaura auren jinsi, don kada wani ya kai ta ƙara, tunda ita ce cocin hukuma. Faransa ta ga manyan zanga-zangar adawa da halatta shi a Faris a shekarar. Ailan, ƙasar da Katolika ta yi kaka-gida, ta amince da kashi 62 cikin 100 a ƙuri'ar 2015. Girka ta bi a 2024 duk da adawar Cocin Otodoks.

Roma da Kantabari

A 2003 fadar Fafaroma, da sa hannun Kadinal Ratzinger, ta umarci 'yan majalisa Katolika su ƙi duk wata doka da za ta amince da zaman jinsi ɗaya. Fafaroma Francis, wanda ya yaƙi dokar Ajantina ta 2010 yana babban limamin Buenos Aires, bai sauya koyarwar aure ba, amma ya raba ta da batun doka: ya goyi bayan yarjejeniyar zama ta hukuma don kare gado da jinya, ya kuma ce a 2023 bai kamata a mai da luwaɗi laifin da kotu za ta hukunta ba. A watan Disambar wannan shekara aka ba limamai damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka, muddin ba ta yi kama da ɗaurin aure ba. Bishop-bishop na Afirka, ƙarƙashin Kadinal Ambongo na Kinshasa, suka ce ba a nahiyarsu ba, Roma kuma ta ƙyale su.

Anglika ba su da Fafaroman da zai tsawatar, don haka ɓarakar tasu ta fi fitowa fili. Taron Lambeth na 1998 ya tabbatar da koyarwar asali da ƙuri'a 526 a kan 70. Da reshen Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop a 2003 alhali yana zaune da namiji, shugaban Cocin Anglika ta Najeriya, Peter Akinola, ya zama jagoran masu adawa, kuma yana cikin waɗanda suka kira taron GAFCON, ƙungiyar Anglika masu riƙe da koyarwar asali, a Urushalima a 2008. Bayan Cocin Ingila ta amince da addu'ar sa albarka a 2023, taron ƙungiyar a Kigali ya ce ya daina kallon Babban Limamin Kantabari na Cocin Ingila a matsayin jagora.

Najeriya da maƙwabta

A nan muhawarar ta ɗauki wata fuska dabam. A Yamma ana ja-in-ja ne a kan ko hukuma ta ɗaura auren. A Najeriya a kan shekarun ɗauri ake magana. An fara gabatar da ƙudurin a 2006 zamanin Obasanjo, Majalisar Dattawa ta zartar da shi a 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi auren, da shekara 10 ga shaidu da masu kafa ƙungiyoyin 'yan luwaɗi da maɗigo. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi maraba da ita, haka ma shugabannin Musulmi, kuma ba kasafai ake ganin ɓangarorin biyu sun yi magana da murya ɗaya haka ba. Barazanar janye tallafi da wasu ƙasashen Yamma suka yi ba abin da ta ƙara sai taurin kai, domin ta mai da batun na mutuncin ƙasa.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka Kiristocin Afirka ra'ayinsu ɗaya ne kan hukunci. Afirka ta Kudu ta halatta auren jinsi tun 2006, kuma Desmond Tutu ya kwatanta tsangwamar 'yan luwaɗi da wariyar launin fata. A Yuganda, Cocin Anglika ta yaba wa dokar haramta luwaɗi ta 2023 amma ta ce ba ta goyon bayan hukuncin kisa da ke cikinta. A Gana, Kadinal Peter Turkson ya ce bai kamata a ɗaure mutum saboda luwaɗi ba, a daidai lokacin da bishop-bishop na ƙasarsa suke mara wa ƙudurin haramci baya. Duk waɗannan, ban da Tutu, ba su yarda da auren jinsi ba. Saɓaninsu a kan bambancin zunubi da laifi ne, wato abin da ke hannun coci da abin da ke hannun ɗan sanda, kuma a ganin mai wannan rubutu nan ne coci-cocin Najeriya suka fi ƙarancin tattaunawa.

Girgizar ta iso har Arewa maso Gabashin Najeriya. A 2024 babban taron ɗarikar Methodist ta UMC a Amurka ya cire haramcin auren jinsi daga dokokinta, bayan dubban ikilisiyoyi sun riga sun fice. Reshen Kwaddibuwa ya yanke shawarar ballewa. A Najeriya, inda ƙarfin ɗarikar yake a Taraba da kewaye, mabiya suka rabu biyu: wasu suka koma sabuwar ɗarikar Global Methodist, wasu suka tsaya suna cewa tsarin ya ba kowane yanki damar riƙe koyarwarsa. Ɓangarorin biyu duk suna ƙin auren jinsi, dokar ƙasa ma ta haramta shi, amma hakan bai hana su rikici kan mallakar majami'u da makarantu ba.